Zamiyar dusar ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya daga Maris zuwa Yuni: tambayoyi da amsoshi

A watannin da zafin bazara ke gasa mutane a Sakkwato da Maiduguri, can a arewacin Norwe da Suwidin da Finlan dusar ƙanƙara ce jibge har bakin taga, kuma a lokacin ne masu wasan zamiya suka fi tururuwa zuwa wurin. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan kaka tasu, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Wane irin wasa ne wannan?

Mutum zai ɗaura dogayen alluna biyu marasa faɗi a ƙafafunsa, waɗanda ake kira siki, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya riƙa sulalewa a kan dusar ƙanƙara. Iri uku ne suka shafi maganarmu. Akwai na filin wasa, inda kujeru masu tafiya a jikin waya ke haurawa da kai saman dutse, ka gangaro ta hanyar da aka share aka daddaɓe. Akwai na doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, wanda ya fi kama da tattaki. Na ukun shi ne wanda ya fito da sunan yankin a duniya: ka hau dutsen da ƙafarka, babu kujera babu shararriyar hanya, sannan ka gangaro. Don kada allunan su riƙa zamewa baya wajen hawa, ana manna musu wani ƙyalle mai gashi a ƙasa. Har yau sunansa fata, saboda a da fatar dabbar ruwa ake amfani da ita. In an kai ƙololuwa sai a ɓare ta a cusa a jaka. Hawan awa huɗu ko biyar yakan ƙare da gangarowar da ba ta kai rabin awa ba, kuma masu yi sun ce ta biya.

Ina ne ake nufi da ƙuryar arewa?

Duk abin da ke arewa da layin da ake kira da'irar Aktik, wanda ya zagaye duniya a kan digiri 66 da rabi. Kano tana kan digiri 12 ne, don a gane nisan. Garin Kiruna na Suwidin da Narvik na Norwe suna wajen digiri 68, Tromso, ita ma a Norwe, ta haura 69, sai tsibiran Svalbard na Norwe, inda garin Longyearbyen yake kan digiri 78, kimanin kilomita 1,300 daga tsakiyar ƙuryar duniya ta arewa.

Me ya sa ba a zuwa a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyi ya fi ƙarfi?

Saboda duhu. Duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi, don haka a hunturu wannan yanki yana ba rana baya. A Tromso rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. A Longyearbyen takan ɓace tun ƙarshen Oktoba, kuma saboda duwatsun da suka kewaye garin sai ranar 8 ga Maris haskenta ke sake sauka a cikinsa, har biki suke yi na mako guda don tarbarta. Babu mai hankalin da zai hau dutsen da bai sani ba da fitilar goshi kawai.

Amma da zarar ta dawo, da gudu take dawowa. A Tromso yini yana ƙaruwa da kusan minti goma a kullum, wato fiye da awa guda a mako. Kafin Afrilu ya ƙare, dare ya zama ɗan duhu-duhu irin na bayan magariba. Ita kuwa dusar ba ta tafi ko'ina ba, taruwa ma take ta yi tun Nuwamba. Mafi zurfin dusar da aka taɓa aunawa a Tromso, santimita 240, an auna ta ne ranar 29 ga Afrilu, 1997, lokacin da filayen wasan kudancin Turai da yawa sun riga sun rufe ƙofa. To haɗuwar nan ta dusa mai kauri da dogon yini ita ce duk sirrin. Mutanen Suwidin suna da suna na musamman ga wannan tsakani, vårvinter, wasu ma na kiransa kaka ta biyar. Al'ummar Sami, 'yan asalin yankin, waɗanda suka raba shekara gida takwas, su ma sun ware masa nasa gurbin.

Da gaske ne ana zamiya da tsakar dare rana na sama?

Da gaske ne. A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu har bayan tsakiyar Agusta. A Tromso daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli. Takan sauko ƙasa-ƙasa ta ɓangaren arewa, ta yi ja kamar za ta faɗi, sai ta sake ɗagawa. Filin Riksgränsen a Suwidin ya yi suna a kan haka: a wasu darare na watan Mayu ana kunna kujerun hawa har tsakar dare, kuma bayan an rufe kaka sukan sake buɗewa na 'yan kwanaki a ƙarshen Yuni, in dusa ta rage, don bikinsu na tsakiyar rani.

Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne yadda hasken ke rikita barci. Ƙarfe ɗaya na dare jiki bai yarda dare ya yi ba. Baƙo kan yi kwana uku yana barcin awa huɗu, yana jin kansa garau, sai a rana ta huɗu ƙafa ta ƙi bin umarni a kan gangara. Labule mai kauri da abin rufe ido suna cikin kayan wasa, ba ƙawa ba ne.

Waɗanne wurare ne aka fi zuwa, kuma ina bambancinsu?

Riksgränsen, ma'anar sunan iyakar ƙasa, yana daidai kan iyakar Suwidin da Norwe, kimanin kilomita 200 arewa da da'irar Aktik. Ƙaramin wuri ne, dutsensa bai wuce mita 900 da ɗoriya ba, ba ya ma buɗewa sai wajen ƙarshen Fabrairu. Ba don wasa aka kafa shi ba. Tasha ce a kan layin dogon da aka kammala a 1902 don kwashe tama daga ma'adinan Kiruna zuwa tashar jiragen ruwa ta Narvik, wadda ba ta daskarewa saboda ɗumin igiyar ruwan da ke tasowa daga mashigin Meziko. Har gobe dogayen jiragen tama na ratsawa ta gindin masu zamiya. Björkliden da Abisko suna kan layin ɗaya, kuma daga Abisko ne doguwar hanyar nan ta Kungsleden ta tashi, wadda ake bi a kan siki daga bukka zuwa bukka.

Narvik gari ne sosai, dutsen na bisa kansa, teku na ƙarƙashinsa. Mai gangarowa ji yake kamar cikin ruwan zai faɗa. An ba garin karɓar gasar duniya ta zamiyar gangara ta 2029.

Duwatsun Lyngen, gabas da Tromso, su ne alƙiblar gwanaye. Tsaunuka ne masu tsini da suka taso kai tsaye daga bakin teku, mafi tsawonsu Jiehkkevárri, mita 1,834. In an kwatanta da tsaunukan Faransa ko Suwizalan adadin ba wani abu ba ne, sai dai a nan daga sifili ake fara lissafi, daga inda igiyar ruwa ke dukan dutse. Wasu a jirgin ruwa suke kwana: kowace safiya kwale-kwale ya sauke su a wani gaɓa, su hau, su gangaro har bakin ruwa, jirgin ya kwashe su. Tsibiran Lofoten ma haka, kuma a can mai zamiya zai wuce ta gefen rumfunan katako da aka shanya kifi a kansu daga Fabrairu zuwa Mayu. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake gani a kasuwannin Najeriya, da kawunansa, da yawansa daga wannan gaɓar yake fitowa.

A Finlan akwai Levi da Ylläs. Tuddai ne masu sauƙin kai, babu tsini, da hanyoyin tattaki masu yawa a cikin daji. A Levi ne ake yin wani zagaye na gasar kofin duniya kowace Nuwamba, inda ake ba wanda ya yi nasara kyautar barewar arewa.

Wanda bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, zai iya?

Zai iya, in ya san inda zai fara. A ganina Levi ko Ylläs ko Björkliden ne wurinsa, inda akwai malamai da kayan haya da gangara mai laushi ta 'yan koyo. Kwana uku ko huɗu na darasi sun isa mutum ya iya tsayawa da juyawa a hanya mai sauƙi. Faɗuwa kam dole ce, da ciwon cinya. Dusar Afrilu tana da kirki ga ɗan koyo, don da rana takan yi laushi, faɗuwa a kanta ba ta da zafi kamar a kan daskararriyar ƙanƙarar Janairu.

Lyngen da Svalbard kuwa a bar wa waɗanda suka shekara suna yi. Hoton da aka gani a Instagram ba ya nuna shekarun da mai hoton ya kwashe yana koyo. Batun ko ɗan Afirka na iyawa bai ma taso ba: Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a tseren siki na doguwar tafiya a gasar Olamfik ta hunturu a Beijing a 2022.

Sanyin fa, ana iya jure shi?

A gaɓar Norwe bai kai yadda ake zato ba. A Afrilu ma'auni kan yi ta yawo kusa da sifili a Tromso da Narvik, saboda ɗumin teku. Cikin ƙasa, wajen Kiruna da arewacin Finlan, daren Maris kan sauka ƙasa da sifili da digiri 15 ko 20. Svalbard ta fi su duka, ga iska.

Dabarar sutura ita ce hawa-hawa: ta ulu a jikin fata, mai ɗumi a tsakiya, mai tare iska da ruwa a waje. A guji auduga, don in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta koma sanyaya jiki. Mai hawan dutse zufa yake yi sharkaf, kuma da ya tsaya hutawa sanyi ke kama shi.

Rana ce ma ta fi yi wa baƙi illa. Sabuwar dusa tana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, sai ya doki mutum ta sama da ta ƙasa. Wanda ya yini babu baƙin tabarau zai iya kwana idonsa na raɗaɗi kamar an watsa masa yashi, yana hawaye, bai iya buɗewa. Baƙar fata ba ta kare ido, leɓe ma tsagewa yake fiye da na hunturunmu. A shafa man kariya, a sa tabarau ko da akwai gajimare.

Mene ne haɗarin da ya fi kisa?

Zaftarewar dusa. A nan zan ɗan daɗe, don duk sauran tambayoyin ba su kai wannan nauyi ba.

Dusar da ke kan dutse ba dunƙule ɗaya ba ce. Kowace zuba da kowace iska na barin nata shimfiɗa, ɗaya bisa ɗaya. Wani lokaci a can ƙasa akwai shimfiɗa mai rauni, mai garin-garin kamar sukari, wadda ta samu tun sanyin farkon hunturu, sai wata mai tauri ta hau kanta. Nauyin mutum guda ya isa ya karya ta ƙasan, ta saman ta tsage ta taho gaba ɗaya kamar an ja tabarma. Yawanci hakan na faruwa a gangarar da karkatarta ke tsakanin digiri 30 da 45, wadda kuma ita ce ta fi daɗin zamiya. A mafi yawan haɗurran da suka ci rai, wanda abin ya rutsa da shi ko abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita. A Maris na 2012 mutum biyar suka mutu a dutsen Sorbmegaisa da ke Kåfjord, daura da Lyngen. A farkon Janairun 2019 wasu huɗu suka mutu a kwarin Tamokdalen, duk a yankin Troms.

Ƙarshen kaka na zuwa da nasa salon. Da dare saman dusa kan daskare ya yi ɓawo mai ɗaukar mutum. Da hantsi ɓawon ya ɗan saki, ya yi taushi kamar tsaki, wannan ne lokacin da gwanaye ke nema. In rana ta ci gaba da dukansa sai ya jiƙe har ƙasa, ya yi nauyi, ya fara zubowa da kansa. A Mayu, da rana ke zagaye sama ba ta faɗuwa, kowace fuskar dutse da sa'ar da take samun zafi, har wadda ke kallon arewa takan samu nata cikin dare. In kuma aka yi daren da bai daskare ba, ranar ta hutu ce. Ga wata yaudarar: tunda duhu ba zai kore ka ba, sai ka ga babu gaggawa, ka ƙara awa biyu a sama, alhali dusar tana da nata agogon.

Hukumomin Norwe na fitar da hasashen haɗari kullum a shafin Varsom, daga mataki na 1 zuwa na 5. Kada a raina mataki na 3 don yana tsakiya, a kansa ne mutane suka fi mutuwa, saboda a 4 da 5 kowa na zaune a gida. Duk mai barin shararriyar hanya sai ya ɗauki abu uku: na'urar da ke aika sigina daga jikinsa, doguwar sandar soka dusa don laluben wanda ta binne, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko galibi yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa fatan samunsa da rai ya yi ƙaranci ƙwarai. Jirgi mai saukar ungulu ba zai iso cikin wannan lokaci ba, abokan tafiya ne za su tono ka, don haka a duba da wa za a hau. Baƙo ya ɗauki ƙwararren ja-gora ɗan yankin, kuma in ya ce yau a juya, a juya.

Ana haɗuwa da farin beyar, ƙatuwar dabbar nan mai cin nama da ke rayuwa a kan ƙanƙara?

A Norwe ta kan tudu da Suwidin da Finlan babu shi sam. A Svalbard yake, kuma can ba wasa. Duk mai fita wajen gari dole ya tafi da abin korarsa, irin bindigar harba wuta sama, kuma ja-gorori na rataye da bindiga ta gaske. An haramta farautarsa tun 1973, harbi sai in rai ne ke cikin haɗari, kuma za a yi bincike bayan haka. A Agustan 2020 wani beyar ya kashe mutum a filin kwana na tantuna kusa da filin jirgin Longyearbyen. Masu kwana a tanti a kan ƙanƙara gadi suke yi bi da bi.

Su wane ne mutanen wurin tun asali?

Sami, waɗanda ƙasarsu ta ratsa Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha. Wurinsu siki abin hawa ne na kiwo da farauta tun kafin ya zama wasa. Akwai wani labari da nake so. A 1883 wani mai binciken ƙasashe, Nordenskiöld, ya je Girinlan da wasu Sami biyu, suka dawo daga leƙen hanya suka ce sun yi kilomita 460 cikin awa 57. Turai ta ce ƙarya ne. Sai aka shirya tsere a Jokkmokk ta Suwidin a Afrilun 1884, na kilomita 220, ɗaya daga cikin mutanen biyu, Pavva Lasse Tuorda, ya cinye shi cikin awa 21 da minti 22. An farfaɗo da tseren a 2016. Da mai binciken Norwe Fridtjof Nansen ya ƙetare Girinlan a 1888, shi ma da Sami biyu a tawagarsa.

Abin da ya shafi baƙo kai tsaye shi ne garken barewarsu. A Afrilu matan na da tsohon ciki, ga ramar hunturu, a Mayu suke haihuwa. Mai zamiya da ya ratsa garke don ɗaukar hoto zai iya tarwatsa shi, uwa ta bar ɗanta. Duk wanda ya tashi kusa da makiyaya ya san abin da hakan ke nufi ga mai dabba. In ka hango su, ka kauce ta nesa, ka yi shiru.

Yaya Musulmi zai yi da salla da azumi inda rana ba ta faɗuwa?

A Maris da farkon Afrilu babu matsala, akwai fitowa akwai faɗuwa. Daga baya ne lissafi ke rikicewa: da fari shafaƙi ya ƙi ɓacewa, lokacin isha'i da na asuba su cakuɗe, sannan magariba kanta ta ɓace. Malamai sun yi magana a kai, suna kafa hujja da hadisin Dujal, inda aka yi umarni a ƙaddara lokutan salla a ranar da tsawonta ya kai shekara. Wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da yini, wasu sun ce a bi na Makka. Musulmin Tromso, da ke da masallacinsu na Alnor, lokacin Makka suke bi a watannin da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa. Matafiyi ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, in ya isa kuma ya bi jama'ar garin.

Azumi a 'yan shekarun nan ya koma Fabrairu da Maris, yinin bai yi tsawo ba. A 2015 da ya faɗo a Yuni da Yuli ne aka sha fama. Abinci kuwa kifi ya wadata, sai dai a riƙa tambaya game da naman alade, don yana shiga cikin tsiran Turawa da kayan karin kumallo da yawa.

Za a ga hasken nan mai launi da ke rawa a sama da dare, wanda ake kira aurora?

Sai da duhu ake ganinsa. Maris lokaci ne mai kyau, farkon Afrilu da sauran dama, daga tsakiyar Afrilu sama ta yi fari. Ba a haɗa shi da ranar tsakar dare a tafiya ɗaya, sai a zaɓi guda.

Hanya da biza da kuɗi fa?

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ko Gana na buƙatar bizar Shengen, wadda ta haɗa ƙasashen uku. Svalbard ba ta cikin Shengen kuma ba ta neman biza, amma jiragen Oslo da Tromso ne ke zuwa can, don haka sai an samu biza mai izinin shiga sau biyu, in ba haka ba dawowa ta gagara. Ana zuwa Tromso ta Oslo, Kiruna ta Stockholm, Levi ta filin jirgin Kittilä. Akwai kuma jirgin ƙasa daga Stockholm da ke kwana a hanya, ya bi ta Kiruna da Abisko.

Tsada kam akwai ta, musamman a Norwe, kuma makon Ista ya fi kowane cunkoso, don 'yan ƙasar kansu dutse suke tafiya da lemon zaƙi da cakulan a jaka. Kusan komai da kati ake biya. A karanta takardar inshora da kyau: wadda ake yi don biza ba lallai ta ɗauki nauyin wanda ya ji rauni a wajen shararriyar hanya ba.

Ɗumamar yanayi ta taɓa wannan kaka?

Ta taɓa. Yankin Aktik na ɗumama da sauri fiye da sauran duniya, Svalbard kuma tana sahun gaba. Ruwan sama kan sauka a tsakiyar hunturu a kan dusa, ya daskare ya zama ɓawon ƙanƙara. Ga mai zamiya wannan shimfiɗa ce mai santsi da ke iya jawo zaftarewa daga baya, ga barewa kuma murfi ne da ke hana ta tono abincinta, har makiyaya su koma sayen abincin dabbobi. Kebnekaise, dutse mafi tsawo a Suwidin, yana da kawuna biyu, na kudu mai hular ƙanƙara da na arewa na zallan dutse mai mita 2,097. Na kudun ne ya fi tsawo tun da aka fara aunawa, har zuwa 2019, lokacin da awo ya nuna hularsa ta narke ya koma ƙasa da ɗan'uwansa.